Rantsuwar da Na Yi a Kan Ganye

Shekarun baya, ina da wata bakwai da shigowa Sabha ta ƙasar Libiya, na yi wata rashin lafiya da har yau ban san yadda ake faɗinta cikin mutane ba. Zan yi ƙoƙari in faɗa da ladabi. Wanda yake cin abinci a cikinku ya ajiye wayar tukuna, in ya gama ya dawo.

Bari in fara daga tushe. Mu a ƙauyenmu, can arewa da Maraɗi, ganye ba abin marmari ba ne. Idan damina ta yi nisa, rumbu ya kusa ƙarewa, mahaifiyata takan dafa tafasa ko rama ko zogale, ta barbaɗa ɗan ƙuli, mu ci da safe, mu ci da rana. Akwai shekarar da muka ci ganye har na fara zargin kaina da warin akuya. Shi ya sa ranar da motarmu ta fita daga Agadas, ina can saman kaya ƙafafuna na lilo, na ɗaga murya a gaban mutanen da ban ma sani ba, na rantse da Allah cewa ni da ganye mun rabu ke nan. Babu wanda ya tambaye ni. Ni kaɗai na ga dama.

Na kuwa riƙe rantsuwata. Na samu aiki a wani shantiye, wato wurin gini, a unguwar Sukra, ina ɗaukar bulo ina kwaɓa siminti. Ɗakinmu yana unguwar Abdulkafi, mu shida a ciki. Da safe hubza, farin burodin nan dogo, a tsaga shi a zuba kifin gwangwani da jan yaji. Da rana makaroni. Da yamma sauran makaroni. A bi da lemon kwalba mai sanyi. Ranar Juma'a kaza. Idan mai shago ya yi kuskure ya sa mani yankan tumatir ko albasa a cikin hubza, sai in sa yatsa in zare in yar, ina kallonsa. Hoton farko da na aika gida, cinyar kaza ce a hannuna, na ɗaga ta sama kamar wanda ya ci gasar kokawa.

Watanni biyun farko lafiya lau. Daga nan zagayawa ta fara yi mani wuya. Kwana biyu, kwana uku, sai in shiga in daɗe in fito da jan ido. Abokina ɗan Kano, wanda katifarsa ke kusa da tawa, ya ce ƙwayoyin cuta ne, ya ba ni kafson nan mai launi biyu, su suna ce masa ja-da-yalo, mu muna cewa tupaye. Na sha. Daga nan na mai da shi abokin tafiya. Ciwon kai in sha, mura in sha, gajiya ma in sha. Ba likita, ba kowa.

A wata na bakwai abin ya tsaya cak. Na yi kwana takwas. Cikina ya yi tauri kamar an zuba kankare an bar shi ya kwana. Ba na iya duƙawa in ɗauki bulo, sai in tsuguna a tsaye kamar tsohuwa mai ciwon baya. Bakina ya yi ɗaci. Abokina yana ta tsokanata, yana cewa, "Malam, kai fa tun da ka zo Libiya ba ka son fitar da komai, har wannan ma ka fara tarawa?" Amma ranar da ya ga na kasa cin kazar Juma'a, ya daina dariya, ya ɗauki wayata ya kira yayana.

Yayana, Allah ya jiƙansa, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Shi a Zighan yake aiki, wani ƙauye mai dabino kusa da Samnu, a gonar wani Balibiye. A gida makiyayi ne. Wata shekara ta fari ta cinye masa awaki, shi ne ya shigo nan. Mutum ne marar yawan magana, kuma duk abin da ya gani a duniya sai ya auna shi da dabba.

Washegari da hantsi suka iso da mai gonar a cikin motarsa mai buɗaɗɗen baya. Mai gonar dattijo ne, muna ce masa Alhaji. Ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota zuwa Agadas, don haka yana da Hausarsa ta hanya da kasuwa. Yayana bai ma amsa gaisuwata da kyau ba. Ya ja fatar idona ƙasa ya duba. Ya buɗe bakina ya duba. Ya ɗaga rigata ya ƙwanƙwasa cikina da yatsa biyu, ya kara kunne.

Na ce, "Yaya, ni fa ba tunkiya ba ne."

Ya ce, "Na sani. Tunkiya ba ta yi wa kanta haka. Tashi."

Suka kai ni wani ƙaramin asibiti. Ina ta addu'a a hanya Allah ya sa namiji ne likitan. Mace ce. Ta kai sa'ar babbar yayarmu, da tabarau, ba ta jin Hausa ko kaɗan, ni kuma Larabcina bai wuce na siminti da yashi ba. Alhaji ya zama tafinta. Ke nan duk abin da na ɓoye wa sauran 'yan ɗakinmu, sai da na faɗe shi a gaban yayana, da mai gidansa, da wata mata, kuma kowace magana sai an maimaita ta sau biyu, da harshe biyu.

Ta tatattaɓa cikina, ta yi tambayoyi, ta ce da sauƙi, hanji bai toshe ba. Sai ta tambayi abin da nake ci. Na lissafa da ɗan alfahari. Ta ce ganye fa? Na ce ba na ci. 'Ya'yan itace? Ba na ci. Wake? Na ce wake ai na gida ne. Ta ce akwai maganin da nake sha? Na zaro tupaye daga aljihu. Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur, ta yi doguwar magana.

Alhaji ya juyo ya ce, "Daktora ya ce, ciki naka akwai dabba. Ƙanana ƙanana, ido ba gani. Yawa yawa."

Na ce, "Innalillahi! To a ba ni maganin da zai kashe su."

Ya faɗa mata. Ta yi dariya har da rufe baki.

Ya ce, "Daktora ya ce, kai riga ka kashe da yawa da wannan kafso. Wannan dabba mai kyau ne. Kowa akwai. Ni akwai, yaya naka akwai, daktora akwai. Su taimaka hanji, su sa ciki tafiya. Abinci nasu ganye, wake, dabino, 'ya'yan itace. Hubza fari, shi narke tun sama, ba kai wurin su. Su yunwa. Su yunwa, su ba aiki."

Ni duk wannan bai shige ni ba. Amma yayana, wanda tun shigowarmu yake tsaye jikin bango, sai ya ja kujera ya zauna. Ban taɓa ganin ya saurari wani haka ba, ko liman.

Ya ce, "Alhaji, tambaye ta, suna haihuwa?"

Aka tambaya. Ta ce suna yaɗuwa, in an ciyar da su.

"Ciyawa iri ɗaya ta ishe su, ko sai ana canza masu makiyaya?"

Ta ce a riƙa canzawa, iri-iri ya fi, amma kaɗan-kaɗan za a fara, da ruwa mai yawa.

Yayana ya gyaɗa kai. Ya ce, "Haka ne. Dabbar da ta sha rani, in ka sake ta cikin ɗanyar ciyawa lokaci guda, kumburi za ta yi." Da Alhaji ya fassara, likitar ta nuna shi da biro, ta ce wannan ya gane. Ni ba ta nuna ni da komai ba. Ta rubuta wani maganin ruwa, ta ce shi buɗe ƙofa kawai yake yi, abinci ne mai gyara. Ta ce in na fara amai, ko na ga jini, ko ciwo ya tsananta, a dawo da ni nan take. Tupaye kuma ta jefa shi kwandon shara a gabana.

A waje yayana ya yanke hukunci. Wani abokin Alhaji zai tashi da kamiyo, wato babbar motar kaya, zuwa Agadas ranar Asabar ta sama. Ya ce zan bi shi gona in zauna har ranar. In cikina ya buɗe, in ci gaba da zama a Libiya. In bai buɗe ba, gida, wurin Inna.

Wanda bai tashi a ƙauye ba, ba zai gane abin da na ji ba. A garinmu wanda ya dawo daga Libiya da karaya, ana tausaya masa. Wanda 'yan sanda suka koro, ana yi masa jaje. Amma wanda ya dawo bayan wata bakwai, hannu wofi, don ya kasa zagayawa? Kafin in sauke jaka an raɗa mani suna, kuma da sunan za a riƙa kiran jikokina. Ga hoton cinyar kaza yana yawo a wayoyin mutane.

Na ce, "Yaya, ka rufa mani asiri."

Ya ce, "Kwana bakwai gare ka. Hau mota."

A Zighan lokacin yankan dabino ne. Gonar tana da tumatir, albasa, kuɓewa, inabi, da lalo, wanda su Larabawa suke ji da shi kamar nama. A bakin hanyar ruwa kuma, can bayan ɗakin ma'aikata, yayana ya shuka zogale da irin da ya zo da shi daga gida. Na ƙetaro Sahara ina gudun zogale, na iske shi ya riga ni isowa, har ya fi ni tsawo.

Da rana ya ajiye mani kwano. Kwaɗon zogale ne da tumatir da albasa. Na tura shi gefe, na gaya masa na rantse.

Ya ce, "Da wa ka rantse?"

"Da Allah."

"A kan ganye?"

"E."

Ya turo mani kwanon. Ya ce, "To. Za ka ci, sannan ka yi kaffara. Amma azumin ka bari sai cikin ya buɗe, kar ka haɗa wa dabbobi yunwa biyu."

Kwana biyu na yi ina taurin kai. Ina shan maganin ruwa, ina cin dabino biyu-uku, a ɓoye kuma ina gutsurar wata hubza da na sako a jaka. Rana ta uku ya gano ta, ya miƙa wa jakin gonar ina gani. Yunwa ta ci ƙarfina, na ja kwanon. Zan faɗi gaskiya, da daɗi. Irin haɗin Inna ne sak, har da ɗan tsamin nan. Amma na yamutsa fuska har na gama, don kar ya ji daɗi.

Daga ranar ya daina yi mani magana, sai cikina. Ya kawo wake da lalo, ya duƙa daidai cibiyata ya ce, "Sannunku da haƙuri. Ga shi nan tafe. Mai ku ne ba shi da hankali." Bayan sallar asuba ba ya cewa ina kwana, sai ya ce, "Yaya dabbobi suka tashi?" Sauran ma'aikatan gonar suka ɗauka. Wani ya wuce da kwandon dabino a ka ya ce, "Mai garke, an fita kiwo yau?" Ruwa kuwa, galan ya ɗaura mani a kafaɗa da igiya, duk inda ya gan ni sai ya nuna shi da haɓa. Kuma ya hana ni kwanciya, ya ce dabbar da ba ta tafiya cikinta ba ya tafiya. Na zagaya gonar nan har jakin ya saba da ni.

Maganin ruwa ya ɗan yi aiki, amma kaɗan. Na kai masa rahoto da murna. Ya ce nawa? Na kwatanta da yatsa. Ya ce, "Wannan ɗan akuya ma ya fi ka. Ba a lissafa shi."

Ranar Alhamis tsoro ya kama ni, na yi abin da aka ce kar a yi. Na faki idonsa na shiga cikin inabi na ci har na gaji. Na dawo na ci dabino cikin tafi uku. Na gama da sauran waken rana, har da na wani. Na ce in dai abinci suke so, ga shi nan, su ci su yi mani aiki. Washegari cikina ya zama ganga. Abin da ya biyo baya iska ce zalla. Ba zan yi dogon bayani ba, sai dai in ce a masallacin Juma'a na sake alwala sau uku kafin a tayar da salla, daga ƙarshe na tsaya a sahun baya, can gefe, kusa da ƙofa, wani dattijo kuma ya matsa ya bar mani fili mai yawa.

Yayana ya ce, "Ka sake su cikin ɗanyar ciyawa ko?"

Na ɗauki galan na kama zagayen gona.

Asabar ta zo. Na tashi tun kafin kiran salla na je na gwada. Babu. Na dawo na iske ya naɗe bargona ya ɗaure jakata. Bai yi mani faɗa ba. Ya ce kawai, "Inna za ta kula da kai fiye da ni." Muka hau bayan motar Alhaji, tsakanin akwatunan dabino da tumatir da za a kai kasuwar Sabha. Ina ta tsara ƙaryar da zan yi a gida. Na ce ko in ɗaure hannu da tsumma in ce bulo ne ya faɗo mani.

Mun yi kamar rabin hanya sai na ji wani abu ya juya a cikina. Ba irin na jiya ba. Wannan da nauyinsa, kuma ya san inda za shi. Na kama hannun yayana. Ya dube ni sau ɗaya, ya miƙe ya hau dukan rufin mota da tafin hannu.

Alhaji ya leƙo ya ce, "Mene? Mene?"

"Tsaya, Alhaji! Dabbobi sun motsa!"

Ku da kuka san hanyar nan kun san yadda wurin yake. Babu itace, babu tudu, babu ko dutsen da zai ɓoye kaza. Fili ne fetal har inda ido ya tsaya, ga motoci na wucewa. Na diro na yi gudu kaɗan na tsaya, na waiga hagu na waiga dama, na rasa inda zan sa kaina. Sai ga yayana da galan ɗin ruwa a hannu ɗaya, bargona a ɗaya. Ya ajiye mani galan. Ya juya mani baya, ya fuskanci titi, ya ware hannuwansa biyu ya ɗaga bargon sama.

Ya ce, "Bismilla."

Iska na kaɗawa, bargon na neman tashi, ya taka gefensa da ƙafa. Manyan motoci na wucewa suna danna oda. Alhaji yana can yana nuna agogo yana kira, "Kamiyo tashi! Kamiyo ba jira!" Yayana ya ce, "Ya tashi, Alhaji." Wata mota cike da 'yan Nijar ta rage gudu, wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, lafiya?" Yayana ya ce, "Lafiya lau. Haihuwa ake, ku wuce."

An daɗe. Ban san ko minti nawa ba ne, amma na ga inuwarsa ta matsa. Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Da labari?"

"Da labari, Yaya."

"Mai yawa?"

"Yaya, don Allah ka bari."

"To ci gaba. Ina nan."

Da na dawo mota jikina sakayau kamar an sauke mani buhun siminti. Alhaji ya ba ni hannu, sai kuma ya tuna ya janye, ya dafa kafaɗata ya ce, "Mabruk, mabruk." Yayana yana ta murza damatsansa.

Duk da haka sai da ya sa Alhaji ya bi ta wurin kamiyon. Ya sauka da jakata a hannu. Ya tsaya ya yi magana da direban. Sai ya dawo ya jefa mani jakar a cinya, ya ɗauki wani ƙullin dabino ya kai, a kai wa Inna. Ya hau ya zauna ya ce, "Kwana ɗaya ba lafiya ba ce. Wata guda za ka yi a gona, sannan ka koma wurin bulonka."

Na yi watan. Cikin ya daidaita a hankali, ba rana ɗaya ba. Azumi uku ma na yi su. Ni ba likita ba ne, abin da ya same ni kawai na faɗa, wanda nasa ya yi tsanani ya je asibiti. Amma har yau ba na kwana biyu ban ci ganye ko wake ba, ba na shan kafso sai an rubuta mani. Idan na ga sabon zuwa yana zare tumatir daga cikin hubza, ba na yi masa wa'azi. Na san ba tumatir yake yarwa ba, yunwar garinsu ce yake tunawa. Nakan dai tura masa dabino.

Yayana ya rasu bara, a gida, bayan gajeriyar jinya. Ban same shi da rai ba. Na iske Inna ta yi kwanaki ba ta magana sai amsa gaisuwa. Da mutane suka ragu, wata yamma muna zaune mu biyu a tsakar gida, ta ce in ba ta labarin zamansa a Libiya, don shi bai taɓa ba ta ba. Na rasa wanda zan ɗauko. Sai na ba ta wannan, duka, ban rage komai ba. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, har maƙwabciya ta leƙo ta kan danga. Ta share ido da gefen zane. Can ta ce, "Duk tsawon lokacin nan, hannuwansa ba su gaji ba?"

Na ce, "Sun gaji, Inna. Ina ganin suna rawa. Bai dai sauke ba."